Ƙoƙon Ruwan da Na Sha a Ƙasar Beli

Mun tashi daga Karaye ana sallame sallar asuba, ni da abokin tafiyata, kowa bisa kekensa. Gari ya kwana da ruwa, ƙasa sai ƙanshi take. A bayan kekena na ɗaure wani ɗan akwatin katako, kuma ba tufafi ko guzuri ne a ciki ba. Kwalabe ne da na tsinto a kabad ɗin makaranta, da ƙyallen akoko, da ɗan madubin nan mai ƙara girman abu wanda ake riƙewa a hannu. Madubin nan shi ne duk dukiyar darasin sanin halittu a makarantarmu ta elementare, don haka na naɗe shi cikin tsohuwar hula, ina tattalinsa kamar ƙwai.

Ga abin da ya tashe mu. Akwai wani abokina da muka yi karatun koyarwa tare, bara En'e ta tura shi ya buɗe makaranta a wani ƙauye na ƙasar Beli, can wajen Rogo. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, mutanen kirki ne, kuma zan sake komawa. Ranar kasuwa wani mai sayar da mazarƙwaila ya kawo mini saƙonsa da baki, cewa kurkunu ya kwantar da rabin ajinsa, iyaye sun ce boko ne ya jawo, dagaci kuma ya ce in aka sauko daga Juma'ar nan ba a sami gamsasshen bayani ba, kowa zai ɗauke ɗansa. Ni na san irin wuyar da aka sha kafin a tara yaran nan. Na kuma san idan makaranta ta watse a ƙauye, ba ta sake haɗuwa da sauƙi.

Ni kuwa ina da bayanin. An koya mana cewa a ruwan da ke kwance akwai waɗansu 'yan ƙwari ƙanana ƙwarai, su ne ke ɗauke da 'ya'yan kurkunu. Mutum ya sha su, sai shekara ta zagayo tsutsar ta fito masa a ƙafa. Amma wannan magana in ka faɗe ta da baki kawai, dariya za a yi maka. Dole a gani. Dama haka nake koyarwa. Littafin da aka ba mu cike yake da hotunan furannin Ingila waɗanda ko a mafarki yaranmu ba su taɓa gani ba, sai na ajiye shi, nake kwasar aji mu tafi bakin suri mu ga gara, ko kududdufi mu ɗebo talibambam mu zuba ido har ya yi ƙafa. A Karaye har laƙabi aka yi mini, wai malamin kwaɗi. Ba ya damuna, kwaɗin sun fi waɗansu ɗaliban halartar darasi.

Abokin tafiyata duba-gari ne, mutumin Unguwar Hajji, kakkaura, mai sanyin hali da son abinci. Na roƙe shi ya bar kakinsa a gida ya sa riga da hula, don kada mata su gan shi su shiga ɓoye randuna. Bai hana ba. Duk ƙauyen da muka ratsa sai ka ji wata ta ƙwala wa maƙwabciyarta kira ta kan danga, sai ƙarar tukwane. Ya ce mini shi ko rawani ya naɗa, tumbinsa ke tona shi.

Hanya ba ta yi mana daɗi ba. Laka ta riƙa cushe ƙafar keke, mu sauka mu tsokale ta da kara, mu hau, mu sake sauka. Dawa ta kai ƙugu, gero ya fara fitar da kai, gyaɗa ta rufe ƙasa shar. Amma tun kafin mu isa Rogo na fara lura da wani abu da ya tayar mini da hankali. Ka wuce gona uku an nome su tas, ta huɗun sai ciyawa ta shanye shuka. Ka tambaya, a ce mai gonar yana kwance da kurkunu. Ciwon nan ba ya tashi kama mutum sai lokacin da fartanya ta fi bukatarsa.

Akwai wani rafi da ya cika ya batse, sai da masu fito suka ƙetare da mu a kan gora. Kuɗin keke ya fi na mutum, wai don keke ba ya taya su iyo. Na so in tsaya ciniki, abokin tafiyata ya ce in bari, ba a cinikin tsiya da wanda ranka zai kasance a hannunsa tsakiyar ruwa. Na riƙe akwatina a ka har muka taka tudu. A Rogo muka ci kwaɗon rama da ƙuli, muka kora da nono wajen wata Bafilatana. Nono ya yi araha ƙwarai da daminar nan, har ta ƙara mana gyara ba mu roƙa ba. Rake ya yi kore a fadamu amma bai nuna ba tukuna, abin da ya ɓata wa abokin tafiyata rai sosai.

Bayan azahar muka hango ƙauyen. Makarantar tana bakin gari, ɗaki ɗaya na jinka, gab da wani tafki. Da ganin haka na gane kan zancen. Manyan gidajen cikin gari suna da rijiya, amma yaron da ya wuni a makaranta, in ƙishirwa ta kama shi, tafkin nan ne kusa. A daidai lokacin kuma hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas. Na san in ruwa ya sauko tafkin zai dame, kuma ba hasken rana ba za a ga komai a kwalba ba.

Abokin tafiyata ya ce, "Malam, mu fara isa mu gaida masu gari."

Na ce, "Hadarin nan ba zai jira gaisuwa ba. Je ka nemo mana malamin, yanzu zan same ku."

Ya girgiza kai ya tura kekensa. Ni mutum ne mai gaggawa, duk wanda ya san ni ya san haka.

A bakin tafkin akwai mata suna ɗiban ruwa. Gefe guda wani bawan Allah yana zaune ya tsoma ƙafarsa da ta kumbura a ciki don ya ji sanyi, ga farar tsutsar ta leƙo an naɗe bakinta a tsinke. Tsakaninsa da inda ake cika tuluna bai fi tsawon tabarma ba. Na yi musu sallama sama-sama, na tsuguna, na buɗe akwati. Sai na ga kwalbar da na ɗauko tsohuwar kwalbar tawada ce, akwai busasshiya a gindinta. Ban yi tunanin komai ba, na cika ta da ruwa, na girgiza, na juye. Shuɗi ya bazu a bakin tafkin. Na sake cikawa, na ɗaga ta sama, na fito da madubi ina leƙawa, ina 'yar magana ni kaɗai yadda na saba.

Salatin wata tsohuwa ne ya dawo da ni. Ta saki tulunta ya fashe, ta ɗora hannu a ka tana cewa, "Jama'a ku zo, ya zuba mana abu a ruwa!"

Kan ka ce kwabo mutane sun fito daga gonaki, kowa da fartanya a hannu. Ba wanda ya taɓa ni, amma sun kewaye ni ta yadda ba na ganin kekena. Na fara bayani, na ga ba mai saurare. Wani dogon dattijo mai furfura a gemu ya karɓe kwalbar da gefen rigarsa don kada ta taɓa fatarsa, ya ce in wuce mu je ƙofar dagaci. Haka aka tasa ni a gaba, mata na biye suna salati, yara na gudu suna kai labari.

A zauren dagaci na tarar da abokin tafiyata da abokina malamin ƙauyen, sun riga sun zauna ana gaisawa. Da abokina ya ga yadda aka shigo da ni, sai na ga fuskarsa ta canja. Na durƙusa na yi gaisuwar da ya kamata a ce na yi tun ɗazu. Dagacin, wani tsoho mai magana a hankali, ya amsa ba yabo ba fallasa. Liman yana damansa da carbi.

Dogon dattijon shi ya yi ƙara. Daga baya na ji cewa ɗansa yana cikin yaran da ke kwance, kuma gonarsa na cikin waɗanda ciyawa ta ci. Ya ce, "Ranka ya daɗe, mu ba yara ba ne. Mun san rubutu, mu ma muna wankewa mu sha. Tawada ba ta shiga ruwa a banza. Wannan baƙo bai gaida kowa ba, ya zarce tafkinmu, ya wanke rubutun Nasara a ciki, yana duba madubi yana karanto abin da ba mu ji ba. So ake duk wanda ya sha, zuciyarsa ta juya. Bara an kawo mana makaranta, 'ya'yanmu sun gurgunce. Bana kuma ga wannan."

Zaure ya ɗauki guna-guni. Na ce, "Allah ya ja zamaninka, ni Musulmi ne ɗan Musulmi. Ɗauraye kwalba na yi. A kawo Alƙur'ani in rantse."

Liman ya ce ba a hukunta mutum da zato, rantsuwa ta isa. Na fara jin sanyi a raina. Sai dattijon ya ce, "Allah gafarta Malam, rantsuwa tsakaninsa da Ubangijinsa ce. Mu kuwa gobe matanmu ruwan nan za su ɗebo. In ba komai a ciki, ya riga mu sha."

Dagaci ya dube ni ya ce, "Ka ji, Malam. In ka sha, magana ta mutu. In ba ka sha ba, ba sai an jira Juma'a ba, yau za a rufe ɗakin can."

Aka aika aka ɗebo ruwa a ƙoƙo, daga daidai inda na tsuguna, wato kusa da ƙafar bawan Allahn nan. Aka ajiye a gabana. Tawadar ba ta dame ni ba, ta riga ta baje, ko yaro ya lashi alƙalami ba abin da ke samunsa. Abin da ya dame ni shi ne da na sunkuya, ko ba madubi ina hango 'yan ɗigo-ɗigo farare suna zillo a cikin ruwan. Na yi tafiyar yini guda don in hana mutane shan wannan ruwa, ga shi an ce ni in sha.

Na jawo ƙyallen akoko daga akwatina da aka biyo ni da shi, na ce a bar ni in tace. Dattijon ya ce, "A'a. Makarin yana cikin ƙyallen." Na ce to a ba ni nasu ƙyallen. Ya ce su ba tacewa suke yi ba, yadda suke sha haka zan sha. Abokin tafiyata ya matso ya raɗa mini a kunne, "Ce musu kana azumin nafila." Ko a cikin wannan hali sai da na kusa dariya, ga ganyen rama a haƙorinsa, ga shi a nawa. Kuma da na faɗa, jira za su yi har magariba.

Na dubi abokina. Bai ce in sha ba, bai ce kar in sha ba, kansa na ƙasa. Na tuna matata da 'ya'yana, na tuna gonakin da muka wuce. Tsoro ya kama ni sosai, ba zan ɓoye ba, don na taɓa ganin wanda kurkunu ya fito wa a gwiwa, har yau da sanda yake tafiya. Amma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, kuma ba abokina ne ya ɗauraye kwalba ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, zan sha. Alfarma ɗaya nake roƙo. In na sha, a rage mini kaɗan, kuma duk dattijon da ke zauren nan ya leƙa abin da zan nuna masa."

Dagaci ya ce an yi mini. Na yi bisimilla na kafa kai. Ruwan yana da ɗumi, yana warin laka. Na sha har sai da dattijon da kansa ya ce ya isa.

Allah ya taimake ni hadarin bai rufe yamma ba, akwai sauran rana. Muka fito ƙofar gida, na juye ragowar ruwan a kwalba, na ɗaga ta saitin haske, na miƙa wa dagaci madubi na nuna masa yadda zai riƙe. Ya daɗe yana matso da shi yana janyewa. Can sai ya ja baya da sauri ya ce, "La'ilaha illallahu! Masu rai ne. Tsalle suke yi." Liman ya karɓa ya leƙa, ya yi ta tasbihi. Aka shiga layi. Dogon dattijon ya ƙi matsowa sai da dagaci ya tuna masa alkawari, kuma da ya leƙa ya fi kowa daɗewa.

Na tambaye su, idan mai kurkunu ya tsoma ƙafa a ruwa, ba sa ganin wani farin abu kamar nono yana fita daga bakin tsutsar? Kowa ya ce ya sha gani. Na ce to 'ya'yanta ne take zubarwa, ƙwarin nan su haɗiye su, mu kuma mu haɗiye ƙwarin. Sai na roƙi liman aron bakin rawaninsa, tunda nawa ƙyallen ba a yarda da shi ba. Muka ninka shi, muka tace wani ruwan a ciki, muka zuba a ɗaya kwalbar. Aka leƙa, ba abin da ke motsi. Aka leƙa rawanin, ga su nan kwance a kan zare. Liman ya dubi rawaninsa kamar ba zai sake naɗa shi ba.

Dattijon ya tsaya a gabana, ya ce, "Malam, ka san da abin nan a ciki ka sha?"

Na ce, "Na sani, Baba."

Sai dattijon ya juya ga dagaci ya ce shi dai bai ce ya gamsu ba, ƙwari a ruwa ba su ne kurkunu ba sai an tabbatar. Amma mutumin da ya san abin da ya sani kuma ya sha, ba mugunta ce ta kawo shi ba. Dagaci ya yanke cewa yara za su ci gaba da zuwa makaranta har baɗi war haka, za a kafa randa a ɗakin karatu a riƙa tace ruwan, mai kurkunu kuma a ɗebo masa ruwa ya jiƙa ƙafarsa a gida. Dattijon ya ƙara da cewa, "Baɗi sai ka dawo mu ga ƙafarka. In ya fito maka, maganarka gaskiya ce. In bai fito ba, ruwanmu ba shi da laifi, mu kwashe 'ya'yanmu."

Yana rufe baki ruwa ya kece. A gidan abokina, abokin tafiyata ya ce in zaga bayan ɗaki in sa yatsa a maƙogwaro. Na leƙa, sai na ga idanu ta kowace kafar danga. Da na yi amai, da kafin la'asar ta wuce gari ya ɗauka cewa rubutun na fitar. Na koma na zauna. Aka kawo mana tuwon dawa da miyar kuka daga gidan dagaci, abokin tafiyata ya ci nasa ya taya ni da nawa.

Da safe na yi wa yaran da suka rage darasi a bakin tafki, kowa da ɗan tsumman da ya samo a gida. Sun fi iyayensu saurin kamawa, har gardama suke a kan wanda ya fi tara ƙwari. Cikin matan da suka zo ɗiban ruwa, na ga waɗansu sun ɗaure bakin tulu da mayafi, waɗansu kuma sun ɗiba yadda suka saba suna hararata. Tsohuwar da ta fasa tulu ba ta amsa gaisuwata ba. Na bar wa abokina madubin aro, abin da ban taɓa yi wa kowa ba. Wannan karon sai da na je na yi wa dagaci da liman sallama, da dogon dattijon ma, na kuma leƙa ɗansa da ke kwance.

Komowa ta fi zuwa wuya, rafin nan ya ƙara cika, masu fito kuma sun ƙara kuɗi. Ban yi ciniki ba. Muka shigo Karaye ana kiran la'asar, na tarar labari ya riga keke isowa. Matata ba ta yi mini sannu da zuwa ba sai da ta gama faɗa. Ta ce duk malaman ƙasar Kano alli suke koyarwa da shi, ni kaɗai ne sai da cikina. Daga nan ta shiga ɗaki ta yi kuka, ta fito ta ɗora mini ruwan wanka.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa, amma na biya shi da tsada. 'Yan'uwana malamai, kayan koyar da sanin halittu suna nan a ƙofar makaranta, ba sai an jira daga Kano ba, kuma gani ya kori ji. Sai dai tafki da suri da kududdufi duk suna da masu su. Ka gaida masu gari kafin ka taɓa ruwansu, ka kuma wanke kwalbarka tun daga gida.

Yanzu saura jira. Ba lalle ne duk wanda ya sha ya kamu ba, wannan ma na sani. In ƙafata ta kumbura baɗi, makarantar abokina ta tsira. In na zauna lafiya, an kwashe yara. Bayan kowace salla nakan ɗaga hannu in rasa wanne zan roƙa, sai in ce Allah ya zaɓa mafi alheri, in shafa. Na faɗa wa ɗalibaina cewa abin sai ya shekara, amma ba su da haƙuri. Kullum na shigo aji suka miƙe gaisuwa, ba fuskata suke kallo ba, ƙafata suke dubawa.